Sunanka Yana Ƙasan Shafin, Kawu

Setapak, Kuala Lumpur.

Zuwa ga Kawu Datti,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna Barira da yara duka. Allah ya ƙara maka nisan kwana, ya sauƙaƙa ciwon gwiwar nan. Mu ma alhamdu lillahi. Jikarka Ulfa ta shiga aji biyu, kana yi mata Hausa tana mayar maka da Turanci, sai ka ce ba jininka ba. Rubutu na zaɓa don in na kira ka kuka ba zai bar ni in yi magana ba.

Kawu, ka tuna hirar da maigidana Muhyiddeen ya yi da kai a zaure bara, kan tarihin masu kilishi na garinmu? To, binciken ya fito a wata mujallar masana tarihi, don murna har shinkafa na dafa na raba wa maƙwabta. A ciki ya rubuta abin da ka gaya masa, cewa kakan gidan Malam Alkasim maƙwabcinka a bawa aka kawo shi, a hannun ubangidansa ya koyi sana'ar. Tun farko na ce ya cire, ya ce wa zai karanta mujallar Turanci in ba furofesoshi ba. Ashe wani ɗan neman fitina ya ɗauki hoton shafin ya jefa a dandalin WhatsApp na 'yan Najeriya. Ka kuwa san Bilya ɗan Malam Alkasim yana nan, shi ke sayar wa ɗalibai kilishi da yaji.

Ranar Asabar da la'asar muna cin abinci a shagon mamak na ƙasan benenmu, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi, sai ga Bilya kamar an jefo shi, ko sallama babu. Ya ɗauki kofin shayi na gilas ya rotsa wa Muhyiddeen a fuska, ya bi shi da kujera, ya danne shi a ƙasa yana ta naushi yana cewa ya maimaita wane ne bawa. Jini har cikin farantin Ulfa, yarinya tana ta ihu. Da na riƙe rigarsa ya yi wurgi da ni na bugu da tebur. Sai da ma'aikatan shagon suka taru suka ɓamɓare shi. Wallahi Kawu, da hannuna ya kai kan tukunyar miyarsu, da yau wani labarin kake karantawa. An yi wa Muhyiddeen ɗinki a gira, idon hagu kuwa likita ya ce sai kumburi ya sauka za a san ko zai ƙara gani da shi.

Mai shagon ya ce mu kai ƙara wurin 'yan sanda, muka ƙi. Takardun zaman Bilya sun ƙare, in aka kama shi gida za a mayar da shi, gidan kuwa katanga ɗaya ce tsakaninku. Ga abin da ya fi tayar mini da hankali. Masana ba sa rubuta magana sai sun faɗi wanda ya gaya musu, saboda haka a ƙasan shafin an sa cikakken sunanka da unguwarku. Hoton da ya yaɗu bai nuna ƙasan ba. Amma mujallar tana kan teburinmu a lokacin, kuma Bilya ya tafi da ita.

Don Allah Kawu, kada ka jira. Ka ɗauki liman ku je wurin Malam Alkasim tun kafin ya ji a bakin ɗansa, tun ran gini ran zane. Na san halinka, za ka ce ai gaskiya ka faɗa. Gaskiya ce, amma a zaurenka ka faɗe ta, mu ne muka fita da ita duniya. Muhyiddeen yana nan kwance da bandeji a fuska, bai taɓa tambayata maganar idonsa ba, kullum tambayarsa ko Kawu zai yafe masa.

Ka gaishe mini da Goggo Daso, da Murja da yaranta, da Bello. Inna Barira kuma, bayan gaisuwa, ka ce na roƙe ta ta riƙa sa wa ƙofa sakata tun magariba.

Wassalam. Taka 'yarka,
Hasanatu.