Muryarka Ta Koma Damagaram, Baba

Assalamu alaikum Baba. Gaisuwa ta ladabi daga 'yarka, da fatan rahamar Allah tana lulluɓe da kai a makwancinka.

Na zo maka da labarin jikarka Zainabu, wadda ka bari tana rarrafe. Ta gama karatun lekkol, yanzu gyaran sauti ne aikinta.

Ka tuna faifan garmahon nan guda da ka yi waƙa a kai kana saurayi, kafin ka bar Damagaram ka buɗe shago a unguwar Tahaggart, nan Tamanrasset? Kullum a tsaye kake ajiye shi cikin zane, nesa da rana, don kada zafi ya lanƙwasa shi. Da faifan sidi ya shigo kasuwa, abokan cinikinka suka yi ta yabonsa, wai ba ya shuu, ba ya tsalle. Kai kuwa kakan ce, "Ya wanke murya har ya wanke mai ita."

Bana faifanka ya fara tsagewa daga baki. Hankalinmu ya tashi, domin ba mu da muryarka a ko'ina sai nan. Zainabu ta ɗauke shi a hannu biyu ta tafi da shi wurin aiki.

Kwafin farko da ta juye a sidi ya fito tas, kowace kalma a fili. Inna ta saurara har ƙarshe, ta ce waƙar ce, amma ba mijinta ba ne. Zainabu ba ta yi musu ba. Ta koma ta sake, ta bar ƙarar allura, ta bar numfashin da kake ja kafin ka ɗauki baiti, da nauyin gangar da ke bayanka. Ta gaya mini ba laifin sidi ba ne, hannun mai gyara ne ya yi yawa.

Da aka sa na biyun, Inna ta ajiye carbinta ta gyara lulluɓi, kamar ka yi sallama a ƙofa.

Baba, ban taɓa jin alfahari irin na ranar ba. Direbobin da ke sauka kudu sun kai wa ƙannenka kwafi a Damagaram. Gwaggo Hajara ta aiko cewa ta tara 'yan unguwa ta ce musu wannan yayanta ne.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya yi wa Zainabu albarka.

Taka har kullum,
Hadiza, Tamanrasset