Gashin Da Na Ce Zan Binne

Assalamu alaikum Malam Edita, da kai da masu karanta wannan shafi. Don Allah kada a nemi sanin sunana, kuma kafin ku tsine mini ku bari in kai ƙarshe. Da ɗan bokon da na koya a ajin yaƙi da jahilci nake rubutu, don wannan ba maganar da zan faɗa wa wani ya rubuta mini ba ce.

Ni makitsiya ce a Illela. Abin da aka san ni da shi ƙari ne: mace in gashinta ya yi kaɗan, in saka mata wani cikin kitso, ko uwarta ba ta ganewa. Mutane na zaton gashi duk baƙi ne, alhali akwai baƙi wuluk, akwai mai toka-toka, akwai wanda in rana ta doke shi sai ya yi ja. Shi ya sa ba na gwada launi a ɗaki. Sai na fito da mace tsakar gida da hantsi, in ɗora ƙarin a gindin gashi, don ƙarshen gashi kullum ya fi haske.

A shekarar da aka sami mulkin kai aka aiko kirana gidan wani babban falke mai fatauci tsakanin nan da Ƙonni. Matarsa, zan kira ta Hajiya, ta yi zazzaɓi bayan haihuwa, gashin goshinta ya zube, ga bikin ƙanwarta saura wata guda. Ta kwance kallabi tana hawaye, sai na ga irin jan gashin nan mai launin busasshen dabino. Mene ne ban gwada ba? Baƙin zare ya fito kamar an ja layi da gawayi. Ulun da mijinta ya sayo a Ƙonni ya yi ja kamar barkono. Na jiƙa izgar doki a lalle kwana biyu, a ɗaki ta yi daidai, muna fitowa rana ta tona mana asiri. Hajiya ta jefar da madubi ta ce, "Ashe sunan banza gare ki! In ba ki iyawa, akwai makitsa a Ƙonni." Maganar nan ta tsaya mini a wuya.

To, akwai wata Bafillatana mai tallar nono daga wajen Kalmalo, zan kira ta Dije. Shekara bakwai tana aje ƙwaryarta a ɗakina duk ranar kasuwa, ta sha ruwa, in yi mata kitso. Adda take ce mini, wato yaya. Ran nan ta zauna a gabana, na tsefe kanta, rana ta sauka kan gashin. Launin Hajiya ne sak, ga tsawo har gadon baya. Me ya hana ni in roƙe ta ɗan kaɗan? Na san ba za ta bayar ba, su gashi ba abin bayarwa ba ne. Sai kawai na ji bakina ya ce, "Subhanallahi! Dije, yaushe wanga abu ya kama ki?"

Ta ce, "Mi kika gani, Adda?"

Na ce makero ne, ciwon nan mai cin gashi, a tsakar kai, inda ba ta iya gani, in ba a aske yau ba zai kama ɗiyar da take goyo. Ba ta nemi madubi ba, ba ta ce bari ta tambayi kowa ba. Ta dubi yarinyar, ta ce, "Aske, Adda." Ina aski tana kuka ba sauti. Kuma don ƙaryar ta zauna, na kwaɓa toka da kanwa da kananzir na shafa mata a wurin, wai magani. Ta ce yana mata zafi, na ce ta daure, aiki yake yi. Da za ta tafi ta riƙe hannuna ta ce, "Ki binne mini gashin, kada ya faɗa hannun mugu." Na ce zan binne.

Na wanke shi da sabulun salo har warin man shanu ya fita, na kai gidan Hajiya. Da ta ga yadda ya ɓace cikin nata, ta buɗe baki za ta tambaya, sai ta fasa ta ce, "Kada ma ki gaya mini inda kika samo." Ranar biki ta tura kallabi baya, mata na ta santin goshinta. Aka ba ni turmin atamfa, sunana ya tsallaka har Ƙonni. Wallahi na ji daɗi, ba zan ɓoye muku ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne maƙwabta sun ga askin. Da suka tambaye ni, me zan ce? Na maimaita ƙaryar. Kafin kasuwa ta zagayo, duk unguwa ta ji mai nonon Kalmalo na da makero. Gidajen da suka saba saye suka daina. A rugarsu surukarta ta ware mata ƙwarya da matashin kai, ta hana ta kwana da ɗiyarta wata uku. Maganin da na shafa kuwa ya ƙona fatar, sauran kai ya tsiro, tsakiyar ta zauna fayau kamar tafin hannu har yau.

Wata rana ina gidan Hajiya ina gyara mata kitson, Dije ta yi sallama da tallarta. Hajiya ta ɗaga murya ta ce, "A ce mata ta wuce, ba mu shan nonon mai makero!" Hannuna na cikin gashin Dije a kan matar da ke korarta. Na ci gaba da kitsona. Yanzu gashin Hajiya ya dawo, ta sa na kwance ƙarin, ta ce in tafi da ƙazantata. Ko a gidan suna muka haɗu, da kyar take amsa gaisuwata.

Ita kuwa Dije, shekara huɗu ke nan ba ta fasa kawo mini man shanu ba. Duk inda ta zauna sai ta ce ba don Adda ba da ciwon ya kama ɗiyarta. Da zagina take yi da na fi samun sauƙi.

Ranar kasuwar da ta wuce ta zo, ta jira kowa ya fita, ta kwance kallabi. Ta ce ƙanenta zai yi aure bayan Sallah, kuma ta gaji da zama bayan mata da kai a ƙunshe. Ta ce, "Adda, ke ce gwanar haɗa launi. Ki samo mini irin nawa ki rufe wurin ga, ko na yini ɗaya ne."

Irin nata guda ɗaya ne a garin nan, yana cikin gwangwani a ƙarƙashin gadona. In na saka mata na yi shiru, wace mace ce ba ta gane gashinta? In na ce ban samu ba, na hana ta abinta sau biyu ke nan. In kuma na faɗi gaskiya, sana'ata ta mutu, wannan na yarda, amma da wane ido zan dube ta in ce ba ta taɓa yin ciwo ba? Malamai sun ce haƙƙin mutum ba ya faɗuwa sai shi ya yafe, ni kuwa tsoron yafewar tata ma nake ji.

Na ce mata ta dawo kasuwa mai zuwa. Saura kwana uku. Jama'a, don girman Allah, me zan yi?