Jan Zaren da Ɗan Kumatu Ya Haɗiye

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya sauƙaƙa miki ciwon bayan nan, ya raba ki da kwanciyar asibiti. Yaya, kin san ni da biro sai kallo. Malama ce ke rubutawa, maƙwabciyarmu mai koyarwa, ni ina faɗa, na kuma roƙe ta kada ta gyara mini magana, ta sa yadda ta fito. Da kiran ki zan yi, to waya ɗaya ce a gidan, tana aljihun Baban yaro, shi kuwa bai san abin da zan faɗa miki ba. Yana nan lafiya yana fama da walda. Inna ma ƙalau, na je na gan ta makon jiya, har yanzu ita da kajinta ba sa shiri.

Saƙar ledar da kika koya mini ban bari ba. Yadda kika nuna mini haka nake yi: in wanke leda in shanya, in ninke ta a tsaye, in datse hannun da gindin, in yanka faɗin yatsa biyu ta fito zobe-zobe, in zura wannan cikin wancan in ja a hankali har ƙullin ya kwanta, in naɗe dunƙule, sai kwarashi. Na yi jaka biyar da abin goge ƙafa, duk sun tafi. Matan layinmu yanzu ni suke tara wa leda, mai shagon kan kwana har tsokanata yake, wai ko iska ba ta isa ta wuce da leda ta ƙofarmu ba.

To Yaya, na yi ɓarna. Wata mai ɗinki ta ce in saƙa mata jaka mai ratsin ja, jan kuwa ya yi mini kaɗan, sai na cike da irin ledoji masu shara-sharan nan da kika ce kada in kuskura in haɗa. Ɗan Kumatu yanzu watansa tara, rarrafe yake kamar an kunna shi, kuma ba abin da yake so irin ƙarar leda. In ina son ya bar ni in yi aiki, sai in naɗe dunƙule tamau, in cusa bakin zaren ciki, in miƙa masa. Na sha jan zaren nan da hannu ban ga ya tsinke ba. Wallahi ban taɓa kawo maganar haƙori a raina ba, ga shi guda huɗu gare shi, kamar reza.

Shekaranjiya da hantsi ina ƙirga idon saƙa a jikin jaka, sai na ji shirun ya yi yawa. Ina waigawa na ga ja yana reto a bakinsa, yana tari, idonsa ya kawo ruwa. Na zura yatsa na jawo, wani guntu ya fito. Da ya yi kuka na ce Alhamdulillahi, sai kuma zuciyata ta ce in auna. Na kwance zoben da ya tsinka, na jera shi da ɗan'uwansa da na yanka daga leda ɗaya, kin san tsawonsu ɗaya ne. Yaya, saura kamar tsawon yatsana babu. Na ɗaga tabarma, na leƙa ƙarƙashin gado, na kakkaɓe rigarsa, na tona sharar da na yi. Babu.

Kin tuna farar akuyar Baba, wadda ta yi ta ramewa cikinta yana kumbura, da mahauci ya farka aka tarar da leda dam a tumbinta? Ita kaɗai nake gani. Na saɓe shi na fita, sai a ƙofar asibiti na ga takalmina wari da wari ne. Nas ɗin ta saurari ƙirjinsa, ta danna cikin, ta ce numfashinsa lafiya, tun da yana shan nono in koma gida in sa ido, yawanci abin da kansa yake fita. Ta ce in ya fara amai, ko ciki ya kumbura, ko ya ƙi nono, in dawo a guje. Na faɗa mata tsohuwar gidanmu ta ce in ɗura masa mai ya zame, yadda ake yi wa awaki. Ta ɗaure fuska ta ce yaro ba akuya ba ne, kada in ba shi komai. Ta kuma yi mini faɗan zura yatsa, wai da na tura abin can ciki.

Yau kwana biyu ke nan. Duk kashin da ya yi sai na kai bayan ɗaki na bincike da tsinke, kamar mai neman ɗan kunnen zinari. In ya yi atishawa gabana ya faɗi, in ya yi barci in sa kunne a hancinsa. Baban yaro ya tambaye ni me ke faruwa, na ce zawo nake jin tsoro. Ban taɓa yi masa ƙarya ba sai wannan. Tun yaro yana koyon zama uban ya ce mini leda da jariri ba sa zama ɗaki ɗaya, na ce ai idona na kansa. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho, amma me ya sa hohon zai faɗa kan wanda bai san komai ba? Ki taya ni addu'a, Yaya, ni ban san...

Mun tsaya da rubutun ne, yaron ya farka yana nishi. Yaya, ya fito! Wallahi ya fito, ja wur, a murɗe kamar tsutsa. Na wanke shi da sabulu na jera da ragowar zoben, ya cike tsaf, ko ƙwayar gero ba ta rage ba. Na zauna a ƙasa ina kuka, shi kuwa gogan yana jan gyalen Malama yana dariya. Malama ta ce tun da take ba ta taɓa ganin wanda ya yi murna da kashi irina ba.

Ta ce tun da an samu lafiya ko a fasa aika takardar. Na ce a'a, a aika, wa nake da shi in ba ke ba? Yau in Baban yaro ya dawo ya ci abinci zan ajiye masa guntun nan a gabansa in faɗa masa gaskiya. In ya ce in daina saƙar, bakina ba shi da ta cewa. Amma ke da kika reni yara huɗu cikin leda ba wanda ya haɗiyi ko ƙyalle, ki aiko mini da dabarar ta hannun direban da zai kawo miki wannan. Kafin nan na tura buhun ledar gaba ɗaya saman kwaba, kwarashin ma na ba Malama ajiya.

Ki gaishe mini da maigidanki, da Gajere, da 'Yar Lele, da tagwaye. Ki gai da Gwaggo mai carbi, ki ce ta sa mu a addu'a. Inna dai kada ta ji.

Wassalam. Ni ce ƙanwarki,
Auta