Kada ka shiga ƙarƙashin motar

Yaya,

Mun tafi asibiti da Baba, ga shi ka bar wayarka a kan tebur. Kada hankalinka ya tashi, hannunsa ne ya bugu, amma ya kumbura sosai, yatsu biyu ba sa motsi.

Da ka fita aron babbar sifana, ƙin jira ya yi. Wai shekararsa talatin yana tuƙi, noti ɗaya na fulawil, faifan nan mai haƙora na injin mota, ba zai gagare shi ba. Ya zura dogon bututun nan a ƙaramar sifanarka, ya ce in tokare haƙoran fulawil ɗin da ƙarfe kada injin ya juya. Yana dannawa da duk ƙarfinsa ƙarfen ya suɓuce mini, Baba ya tafi gaba ɗaya ya bugi jikin motar. Ka yi haƙuri, wallahi na riƙe iya ƙarfina.

Motar ta goce daga kan jak. Katako ɗaya ne ke riƙe da ita yanzu, shi ma ya tsage. Don Allah kada ka shiga ƙarƙashinta. Na san halinka, za ka ce ai minti ɗaya ne. Na kulle gareji saboda yara, makullin yana hannun Umma, na ce kada ta ba ka.

Notin ko gezau bai yi ba. Baba yana cikin motar maƙwabci yana ta faɗa, wai saura ƙiris ya kunce, kada kowa ya taɓa masa. Ni dai ka biyo mu.

Ƙanwarka