Gyaran Yaya Nura

Laraba, bayan sallar isha'i

Yau Yaya Nura ya yi mini gyaran da ban sa shi ba. Ya ari kwamfutata zai buga takardar ofis, sai ya leƙa inda nake tara kiɗan da ban ƙarasa haɗawa ba. Wai sunayen da na sa musu abin kunya ne: "Injin markaɗen Maman Joy", "Ruwan da ya tsare ni a Abakpa", "Tarin Baba". Ya goge sunayen kaf, ya jera musu lamba, ɗaya zuwa tamanin da uku.

"Kai Bello, haka ake adana fayil," in ji shi. "Da ka yi karatu da ka sani."

Na ƙyale shi, yayana ne. Amma ni lamba ba ta tuna mini komai. Sunan shi ke mayar da ni inda kiɗan ya zo mini, ko bayan shekara biyu in tuna abin da na so yi da shi.

Gobe da safe Rifkatu za ta zo ɗora murya a kan na injin markaɗen, ta riga ta rubuta waƙarta. Tun magariba nake saurarensu ɗaya bayan ɗaya, har kunnena ya yi zafi. A na sittin da ɗaya na ji ƙugin injin a ƙarƙashin ganga. Na mayar masa da sunansa.

Cikin haushin nan wani sabon kiɗa ya zo mini. Na sa masa "Gyaran Yaya Nura", na ajiye shi can sama, inda zai fara gani.