Icen da Inna Ta Ajiye

Ƙofar Sauri,
Katsina.

Zuwa ga Yayata Hajiya Suwaiba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji Salihu da yara da duk mutanenmu na Fatakwal. Yaya ƙafar Alhaji? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Mu nan sai godiya. Ruwa ya ɗauke, an fara cin sabon gero, maigidana Malam Babaji ma ya gyara katangarmu ta baya da ta zube a tsakiyar damina. Babban albishir kuma, 'yar farin nan taki da ba kya iya faɗin sunanta, to ni zan faɗa, Zulaihat ta cika arba'in shekaranjiya, ta gama wanka lafiya. Jaririya, takwarar Inna, ta yi kumatu har wuya ya ɓace.

Yaya, na san za ki yi mamakin ganin takarda alhali kullum muna waya. Dalili shi ne duk lafiya lau ɗin da na riƙa ce miki a makon farko na haihuwar nan ba gaskiya ce cikakkiya ba. Na ɓoye miki ne don kina fama da jinya, ba ki da halin tahowa. Yanzu da hankalina ya kwanta, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, gara ki ji daga bakina.

Kin san tun cikinta na wata bakwai Zulaihat ta dawo wurina goyon ciki kamar yadda kika ce. Da wata na takwas ya cika, mijinta Anas ya kawo icen wankan jego, a-kori-kura guda cike, aka jibge a tsakar gida. Yaron nan ya yi ƙoƙari, ban rage masa komai ba. Sai dai a gidan gas ya tashi, bai taɓa hura murhu ba. Ina jin sa daga ɗaki yana gaya wa Malam cewa shi da kansa ya zaɓa, ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya ɗaga ya ji ba nauyi sai ya mayar, don kada a cuce shi da ruɓaɓɓe. Da ya tafi na fito na duba. Gumaguman darbejiya ne sabon sara, ɓawo maƙale kam, bakin saran da danshi, kana jin warin ɗanye tun daga nesa. Ruwa ya sayo mana, Yaya, da ɗan itace a jikinsa. Amma suruki ne, kuma wannan ce hidimarsa ta farko a gidan. Na rasa bakin cewa kayansa ba su yi ba, sai na aika masa da an gode, Allah ya yi albarka. Washegari kuma ya dawo da tamfol sabo fil, ya naɗe itacen nan ruf har ƙasa, ya danne gefe da duwatsu don kada ruwan sama ya taɓa. Na ce a raina ai da sauran wata guda, in ya ɗan kwana biyu bai leƙo ba sai in sa a buɗe a faskara. Haihuwa kuwa ba ta jira ni ba, ta zo da saura mako uku.

Ranar da muka dawo daga asibiti na yaye tamfol ɗin, sai ga itace ya yi gumi sharkaf, har funfuna ta fito. Ruwan Agusta kuma ba ya ɗagawa, dole na kafa murhu a ƙarƙashin rumfa, dab da ƙofar ɗakin mai jego. Kin san halin ɗanyen itace a wuta. Yana tsuwa, kumfa na fita ta gindinsa, wuta ba ta ci ba, hayaƙi kuwa kamar ana gasa tukwane. Tukunyar da ya kamata ta tafasa kafin hantsi sai ta kai mu azahar, ina fifita ina hawaye. Kwana uku muna haka. A na huɗu da safe jaririya ta fara tari, numfashinta na fita da ƙara, ta ƙi kama nono. Muka koma asibiti, ma'aikaciyar jinya ta duba ta, ta tambaye ni da me muke girki. Da na faɗa mata sai ta ce hayaƙi ne ya shiga ƙirjin yarinya, ta ba da magani, ta ce in aka ci gaba da shaƙa mata shi sai an ba ta gado. Ta kuma ja mini kunne kan kada ruwan wanka ya zama na salɓe fata, kanwa ma a rage a kunu. Na ce to, kaina a ƙasa. Amanar da kika ba ni ce a hannuna, kuma kunyata ce ta jawo.

Malam ya zaga masu itace tun daga nan har Ƙofar Ƙaura. Duk wanda ya samu jiƙaƙƙe ne, masu sara kuma yanzu ba sa nisa cikin daji kamar da. Ɗan gas ɗinmu ba zai iya da tukunyar wanka safe da yamma ba. Na zauna ina tunanin ko in dakatar da wankan, in ji da bakin dangin miji da naki, don dai hayaƙi kam na rantse ba zai sake tashi a gidan nan ba. Ina cikin haka ƙanenmu Hussaini ya zo dubiya. Da ya ji abin da ake ciki sai ya dafa kai, ya ce ai akwai icce a ɗan ɗakin nan na bayan ɗakin Inna, can gida. Ya ce mako guda bayan bikin Zulaihat Inna ta sa shi ya sayo mata, ta zauna a kujera tana nuna masa yadda zai jera, ta ce na wankan jikarta ne, ko da wasa kada wani ya ɗauki sili ɗaya. Watanni kaɗan bayan nan ta rasu, shi kuma ya kulle ɗakin ya manta.

Ko mayafi ban gyara da kyau ba na bi shi. Yaya, da kin ga ɗakin nan. Marke ne da ƙirya, an faskara daidai hannu, an ɗora kan duwatsu ba su taɓa ƙasa ba, an bar rata tsakaninsu da bango, an barbaɗe ƙasan da toka saboda gara. Shekara biyu suna nan. Na ɗaga ɗaya na ji shi sakayau, ɓawon ya zube da kansa, bakin ya tsattsage. Sai na ɗauki biyu na buga, suka ce ƙwal. Kin tuna in ta aike mu ɗebo itace muna yara, ba ta ko dubawa, sai ta ce mu buga ta ji daga inda take? Tana cewa busasshen icce amsawa yake yi, ɗanye kuwa gum yake yi kamar wanda aka tambaya bai da gaskiya. Ina jin ƙarar nan na durƙusa a wurin na yi kukan da ban yi ba tun ranar bakwai ɗinta. Aka kwaso aka kawo. Ashana ɗaya ya kama, wuta tas ba hayaƙi, garwashi ya kai mu har tuwon yamma. Cikin kwana biyu tarin ya lafa, ranar suna kuwa kukanta har zaure maza na ji.

Sai dai da na auna, icen Inna ba zai wuce kwana ashirin da 'yan kai ba, wanka kuwa arba'in ne. Nan na ajiye kunya. Na sa Malam ya kira Anas, na tsaya bayan labule na gaya masa komai. Yaron ya tambaya a hankali me ya sa ban faɗa masa tun ranar farko ba, ai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Washegari ya zo da mai faskare, shi ma ya karɓi gatari, ma'aikacin ofis da taushin hannu, har tafinsa ya yi ruwa ya fashe. Aka tsaga gumaguman nan sirara. Na nuna masa jerin Inna: bulo a ƙasa, sahu ɗaya a miƙe ɗaya a gicciye don iska ta ratsa, fallen kwano a sama kawai, gefe a buɗe. In rana ta fito a baje, in hadari ya haɗo a tattara, na gobe kuma a kewaye murhu da shi ya sha zafi. Na ba shi guda biyu cikin na Inna, na ce ya riƙa bugawa yana gwadawa da nasa.

Tun daga ranar kullum la'asar in ya taso aiki nan yake sauka. Zulaihat har tsiya take masa, wai sai ya gaida itace kafin ya gaida mai jego. Ya buga na Inna ya ji ƙwal, ya buga nasa ya ji dum, ya girgiza kai. Ni kuma ina kallon na Inna yana raguwa, ina ƙirga kwanakin da suka rage. Allah da ikonsa, Satumba ta shigo da rana. Ranar da ya rage saura ɗauri biyu, ina ɗaki na ji ƙwal daga tsakar gida, na kuma jin wani ƙwal ɗin, na kasa bambance wanne ne na wa. Na fito na sa ɗaya a wuta na tsaya a kansa. Ba tsuwa, ba kumfa, ya kama lafiya lau. Na ce alhamdu lillahi ya fi sau goma. Anas ya manta da surukuta, ya ɗaga itace sama yana dariya kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Da icensa muka ƙarasa arba'in.

Yanzu abin da ya rage na icen Inna guda biyun nan ne na gwaji. Anas ya roƙi ɗaya, ya ce a gidansa zai ajiye. Ɗayan na naɗe miki shi a cikin akwatina. Guda ɗaya dai ba ya ƙara, saboda haka in kin zo sai ki daure ki ari na surukinki ki buga ki ji, kada ki yi irin tawa kunyar. Inna ba ta ga takwararta ba, Yaya, amma ita ta dafa ruwan wankan. Ki sa ta a addu'a, ni kuma ki yafe mini ɓoyon da na yi miki.

Ki gaida Alhaji da jiki, ki gaida Fiddausi da Mahmud da maƙwabciyarki Hajiya Jamila. Malam Babaji da Hussaini da iyalinsa suna gaisuwa. Zulaihat ta ce in gaya miki jibi za ta koma ɗakinta, tana neman albarkarki. Allah ya sada mu da alheri.

Taki ƙanwa,
Mairo