Jan Dabinon Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayarta, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya ƙara muku rufin asiri, Ya sa nisan nan ya zama alheri. Mu nan kowa lafiya. Umma ta warke daga tarin nan, har ta koma yi mana faɗa a kan ƙofar da ake bari a buɗe. Baba ne dai gwiwarsa ta ƙi, yanzu a kan kujerar roba yake yini a bakin lambu, yana nuna abin da za a yi da sandarsa. Ni kuma takardar kammala karatuna ta fito, Umma ta sa ta a gilashi ta rataye a falo, a ɗan karkace, kullum sai na gyara ta.

Yaya, wata magana ce ta ƙi barina, kuma ke kaɗai ce shaida a cikinta. Kin tuna irin dabinon adon nan mai jan wuya da kika shuka a shekarar da na shiga jami'a? Wanda ya daɗe bai tsiro ba har Baba ya ce an cuce mu? Biyu ne suka rayu, ana gobe za ki tafi kika miƙa mini tukunya ɗaya, kika miƙa wa Auta ɗaya. To sun girma. Na Auta, daga wuyan nan mai santsi da ke ƙarƙashin ganye har zuwa hannuwan ganyen, ja ne wur, kamar an shafa masa jan baki. Mai wucewa a titi sai ya rage tafiya. Nawa kuwa kore ne. In na yi masa adalci, da safe idan rana ta buge shi ta gefe, akan ga ɗan ruwan lemo kaɗan. Na duba da kyau, ba ja ba ne.

Kin san ni, ban bar abin haka ba. Ƙasarsu iri ɗaya ce, ni na haɗa ta. Ruwa tiyo ɗaya ne, taki buhu ɗaya. Na matsar da nawa kusa da nasa don hasken da suke samu ya zo daidai, domin haske yana ƙara fito da launin da ke jikin tsiro. Amma ba ya ƙirƙiro wanda babu. Wannan shi ne abin da na karanta, kuma shi na gani da idona: dabinon da aka tayar daga ƙwaya ba ya fitowa iri ɗaya, ko da uwa ɗaya ta haife su. Wani ja sosai, wani ruwan lemo, wani kore mai ɗan rawaya. Tun cikin ƙwayar aka gama rabon, kamar yadda ke kika ɗauko hasken Umma, ni na ɗauko Baba. Ba cuta ba ce, ba sakaci ba ne. Nawa lafiyarsa ƙalau, ya ma fi nasa tsawo da kusan taƙin hannu guda, kuma ganyensa babu ƙonewa ko ɗaya a baki.

Amma Baba ya ce hannu ne. Ya ce Auta yana da hannun shuka, irin na kakanmu, duk abin da ya taɓa sai ya yi albarka. Auta da ban taɓa ganin ya durƙusa ya sa yatsa cikin ƙasa ya ji damshinta ba. Lokacin da ya tafi yawon bikin abokinsa, ni na shayar da dabinon, ni na wanke masa ƙwarin da suka maƙale a bayan ganye. Yanzu masu saye da sun shigo sai su ce a nuna musu jan Auta, shi kuma ya tsaya a gefensa yana murmushi ana ɗaukar hoto. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da na yi wa Baba bayanin ƙwaya, ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce ai boko bai hana a taya ɗan'uwa murna ba. Auta ya yi dariya ya ce Hajiya Sikeli za ta auna ja da cokali. Umma kuwa sai da muka shiga kicin ta ce mini hassada ga mai rabo taki ce. Na ce mata ai takin ma ni nake zubawa. Ba ta yi dariya ba.

Ba zan ɓoye miki ba, Yaya, kishi nake yi. Yana taso mini duk lokacin da na ɗaga labulen rumfa na ga wannan jan. Kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne, maganar da nake faɗa gaskiya ce, amma da ta fito daga bakina sai ta yi kama da kishi, don kishin yana nan tare da ita. Da a ce yabo ne kawai da na haɗiye. To Baba ya ce gwiwarsa ba za ta kai shi wata damina ba, zai miƙa makullin lambun ga ɗayanmu, kuma ya ce lambu na mai hannu ne. Ni don wannan lambun na zaɓi abin da na karanta, kin sani, ke kika raka ni neman gurbi. Yanzu launin wuyan itace ɗaya zai raba ni da shi.

Ga inda maganar ta kai. Dabinon Auta ya fitar da 'ya'ya a gindinsa. Su ba kamar na ƙwaya ba ne, jikin uwar ne, don haka duk ja za su yi. Wani mai otal ya gani ya ce yana so. Auta ya ɗauki adda ya ɓamɓare ɗaya, bai kai mako ba ya bushe. Sai Baba ya kira ni ya ce in raba sauran, tunda ni ce mai haƙuri. Aikin ba a yin sa da gaggawa. Ana tone ƙasa a hankali a ga ko ɗan ya yi saiwarsa, a wanke wuƙa, a yanke rabin mahaɗarsa da uwa kawai, a mayar da ƙasa, a bar shi a wurin har ya koyi shan ruwa da kansa, sannan a ƙarasa yankan a ɗauke shi.

Ranar da na durƙusa da wuƙar, Auta yana tsaye a kaina yana latsa waya, Baba yana can nesa a kujerarsa. Na san daidai inda zuciyar uwar take. Da na karkata hannu kaɗan, ruɓa za ta shiga, bayan wata biyu jan ya ƙare, kuma babu mai cewa ga abin da ya faru, domin a gidan nan ni kaɗai na san wurin. Na daɗe a durƙushe har Auta ya tambaya ko barci nake yi. Na yanka daidai, Yaya. Dukkansu na yanka daidai, na shafa maganin ruɓa, na rufe. Sannan na miƙe. Baba ya ce in Allah Ya yarda za su kama, ai 'ya'yan Auta ne. Ban tambaye shi ba idan suka mutu wuƙar wa za a ce.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Ki kira Baba, yana jin maganarki. Kada ki ce masa ya ba ni makulli, wannan nasa ne ya ba wanda ya ga dama. Ki faɗa masa abin da ya faru kawai: cewa ranar da kika raba tukwanen, dukansu kore ne, ganye bibbiyu, kuma ba ki zaɓa ba, wanda ya fi kusa da ke kika miƙa wa ta farko. In kuwa kin zaɓa, in akwai abin da kika gani a ɗaya kika ba Auta, to ni ki faɗa mini, kada ki ji tausayina.

Ki gaishe da maigidanki da kyau, da surukarki, Allah Ya ƙara mata lafiya. Ki shafa mini kan 'yan biyu, ki ce wa ɗanki Sarkin Kuka ƙanwar mamansa tana nan da alkawarin takalmi. Umma da Gwaggo suna gaishe ki. Auta ma ya ce in gaishe ki, bai san abin da nake rubutawa ba.

Na manta ban faɗa miki ba, nawa ma ya fitar da ɗa guda a gindinsa. Babu mai otal da ya tambaya, kuma na san kore zai yi kamar uwarsa. Na wanke wuƙar na yanka masa rabi shi ma.

Taki har kullum,
Sikeli